Lissafi a Jikin Bango

Ni mai rubutu ne a bayan motoci, tashar Yawuri,
"Rabo ba ya kwana a hanya", "Sai mai haƙuri",
zancen da babu mai bin sawunsa.
Ran Laraba Malam Manu ya zo da littafi a hammata,
ma'ajin ƙungiyar masallacin kasuwar kifi.
Ya ce, "Tanko, ga bango, ga fenti,
zo ka kwashe cikin littafin nan ka shanya a rana."

Na ce, "Malam, sadaka ai ɓoye ta ake yi,
dama ta miƙa, hagu ba ta da labari."
Ya ce, "Wannan hukuncin mai bayarwa ne.
Mai riƙo, a tsakar kasuwa ake kwance ƙullinsa."

Na hau benci. Layin farko ya ce in sa:
Mu Musulmi ne, don Allah muke yi.
Ba ma tambayar mai yunwa ina alƙiblarsa,
wanda ya karɓi tiya bai ci bashin kowa ba.

Sai lambobi.
Abin da ya shigo bayan ruwa ya ci gonakin tsibiri:
daga mata masu bandar kifi, dubu tara da canji,
daga wani, ya ce a bar sunansa,
daga cocin bayan asibiti, gero buhu huɗu,
sun ce a faɗi daga ina ne, aka faɗa.
Abin da ya fita: gero, tabarmi, gidan sauro,
man jirgi sau shida, ladan 'yan dako,
har shayin da direba ya sha a Zamare.

A ƙasan shafi yatsansa ya tsaya.
"Rubuta: dubu sha bakwai, ba a san hanyarsu ba.
Rubuta: a hannun Manu."
Na ce, "Fenti ya kusa ƙarewa."
Ya ce, "Na leƙa gwangwanin."

Na rubuta. Burushi bai taɓa yi mini nauyi haka ba.

Kashegari shugaba ya zo ya daɗe a tsaye,
ya ce an ɓata bango mai kyau.
Tsohuwa Ige ta kama hannun wani ɗan firamare,
ya karanta mata tun daga sama,
ta ce, "Maimaita wajen shayin," ta yi dariya,
ta kwance bakin zane ta ƙara ɗari biyu.

Bayan kasuwa biyu Manu ya sayar da akuyarsa mai ciki.
Na ɗauko farin fenti zan shafe layin.
Ya ce, "Bar shi. Sa a ƙarƙashi: an mayar."

Akwai layi ɗaya can kusa da ƙasa,
inda ruwan indararo ke fantsama:
ladan mai fenti, dubu uku.
Biyar na yi niyyar cewa,
amma ni zan rubuta, kuma nan nake wucewa.