Kifin da Bai Zo da Takarda Ba

Jikka uku na biya a babbar kasuwa,
a leda na ɗauko shi, ɗaure da roba.
Mai sayarwa ya ce ta Ɗan Isa ya shigo,
wanda ya ba shi ma karɓa ya yi a hannun wani.
Na ce, to, wane iri ne?
Ya ce, malam, kifi ne, ai bai zo da takarda ba.

Ni kuwa takarda ce abincina.
Shagona na kallon ofishin magajin gari,
wuni nake ina kwafin takardun haihuwa:
sunan uba, sunan uwa, hatimi, sa hannu.
Sai ga shi a akwatin gilashi kusa da injina,
baƙo guda a duk shagon
da ba a san wa ya haife shi ba.

Ranar Juma'a tsoho Barmu ya zo daga Madarunfa,
shekara hamsin yana jan koma a tafki.
Ya ajiye sanda, ya manna hanci a gilashi,
har numfashinsa ya yi hazo.
Ya ce, kan nan na kurungu ne, ko a mafarki.
Ga ƙayar baya mai huda tafin yaro,
ga gashin baki na ƙasa mai rassa kamar saiwar gero.
Ya sa hannu ya ɗaga shi sama,
kifi ya yi gurnani, ƙurr, ƙurr.
Ya ce, ka ji, da harshen gidanmu ya yi magana.
Amma wannan ido, ƙato kamar dala,
da farin layin da ya bi bakin fiffike
kamar tela ya yi masa dajiya,
ban taɓa cire irinsa a Gulbi ba.

Tsahara ɗiyar ƙanwata, mai karatu a jami'a,
ta zaro waya tana ja da yatsa.
Hoto ya wuce, hoto ya zo:
wannan na da ɗigon, ba shi da wutsiyar,
wancan na da wutsiyar, idonsa ƙarami.
Ta ce, kawu, ina zaton gefe guda daga kogin Kwara,
gefe guda daga wani tafki mai zurfi, can gabas,
tafiyar da ko raƙumi zai yi ƙorafi.
Iyayen ba su taɓa shan ruwa ɗaya ba.
Allura aka yi musu, aka matse ƙwai a kwano,
aka gauraya da gashin kaza.
Barmu ya ce, subhanallahi, ko goro ba a raba ba?

Ta ce in ana son gaskiya tsantsa
sai a yanki ƙyallen fiffike, a aika ɗakin bincike.
Ta faɗi kuɗin.
Na dubi injina, na dubi kifin,
na ce zato ma ai bai ƙare a kasuwa ba.

Barmu ya shafa zanen Gobir da ke kuncinsa,
layi-layi daga baki zuwa kunne.
Ya ce, ni nawa da aska aka rubuta.
Jikokina fuskarsu sumul,
sai sun yi fushi nake gane na wane ne.

Da la'asar aka ɗauke kuran.
Kumfa ta tsaya, fanka ta tsaya,
na shiga kwarfar ruwa da kofi ina zubawa.
Sai ya fito daga ƙarƙashin tsingaro,
ya juya cikinsa sama, yana tafiya a rigingine.
Na ce, shi ke nan, jikka uku ta mutu.
Barmu ya yi dariya har tari ya kama shi:
bar shi, haka danginsa ke yi a gindin kainuwa.
Na uwa ne ko na uba, wannan ban sani ba.

Wata mata ta leƙo da takardar ɗanta,
na ce ta dawo in wuta ta zo.
Ta tsaya tana kallon kifin,
ta ce, wannan fa, me ake ce masa?