La'ada

Ranar Talata Mista Hocking ya zo
da takalmi mai sheƙi da igiyar awo.
Ya auna falo, ya auna kicin,
ya leƙa taga ya ce, "Ga teku!
Ita za ta sayar mana da gidan."
Shekara arba'in Baba na duban tagar nan
a kan tudun Newlyn,
ban taɓa jin ya ce ga teku ba.
Sai dai, "Morwenna, yau ba ta da fara'a,"
ya ja hula, ya fita duk da haka.

Na ce, nawa ne naku?
Ya ce, ɗaya da rabi cikin ɗari, ba yawa.
A baki kam ba yawa.
Da dare na samu fensir da bayan ambulan:
gida fam dubu ɗari biyu da tamanin,
nasa dubu huɗu da ɗari biyu,
haraji ya miƙo hannu ta bayansa,
ɗari takwas da arba'in.
Hoto goma sha biyu ya ɗauka.
Na fara rabawa, na ajiye fensirin.

Lauya kuwa, Misis Curnow,
ofishinta na saman shagon burodi.
Ta ce kuɗinta a yanke yake,
dubu ɗaya da ɗari uku.
A yanke, amma irin yankan farce,
kwana biyu ya tsiro:
talatin da shida na tura kuɗi banki,
bakwai na takardar da ta ce gidanmu namu ne,
goma sha biyar na tabbatar da ni ce ni,
ni da take gani a coci tun ina rarrafe.

Wani saurayi ya zo da allo a hannu,
ya ƙirga ƙwan fitila, ya shafa bango,
ya ce gidan nan yana shan sanyi.
Fam tamanin.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
amma sai da na biya aka faɗa mini.

Masu saye mata da miji ne daga Landan,
wata biyu a shekara za su kwana ciki.
Mai dubawarsu ya shinshino laima a ɗakin baya,
suka zabge dubu shida.
Hocking ya ce, "Karɓi, kada su gudu."
Na lissafa abin da ya fita daga aljihunsa:
casa'in.

Jago ya bugo daga Ostareliya,
can safiya, nan tsakar dare.
"Nawa ya rage?"
Na karanta masa tun daga sama har ƙasa.
Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke,
sai ya ce, "Kin tuna Baba da dillalin kifi?
Kullum da asuba sai sun yi cacar baki kan la'ada,
kullum kuma tare suke shan shayi."
Na tuna.
Na tuna har da abin da yake cewa
in ya ɗaga hannun nan mai yatsa uku:
ita ma teku ba ta aiki kyauta.

Akwai takarda mai layi-layi,
abin da za a bari, abin da za a ɗauka.
Labule, a bari. Murhu, a bari.
Ƙusar da yake rataye rigar ruwa
ba a yi mata gurbi ba.
Na zare ta da filaya, na sa a aljihu,
babu wanda ya ci ko sisi a kanta.

Ranar Juma'a kuɗi suka shiga,
kowa ya riga ya ɗebi nasa a hanya.
Hocking na jiran makulli ƙarfe goma sha biyu.
Na tsaya a taga cikin ɗaki wayam.
Yau ba ta da fara'a.
Na ja hula.