Makin Mushe Shibkau

Shekara ashirin da shida ina riƙe da jan biro
a lakkwal ɗin Garkawa.
Ni ke ba da maki. Bakwai bisa ashirin, tara da rabi,
ban taɓa ƙara wa ɗan kowa ko ɗigo ba.
Yau Talata, ga ni a banki,
takardu a hammata, hula a gwiwa,
ana shirin duba nawa.

Gidan yana Wadata, ɗaki uku da rumfa.
Gwamnati ta tsaya mani aka ba ni bashinsa,
kowane wata a yanki jikka sittin da biyu
tun albashi bai ga tafin hannuna ba.
Na zo ne a sake ɗaurin kayan:
a tsawaita shekaru, a rage ruwa,
ko wuyan jaki ya samu iska.

Yarinyar da ke bayan gilashi ta ɗago kai.
Indatu ce, ɗiyar mai gyaran keke,
wadda ke zama kusa da taga tana tauna murfin biro.
Ni na koya mata rabawa.
Ta miƙe tsaye don gaisuwa, ta zauna don aiki.
Sa hannu nan, Mushe, izini ne
mu tambayi inji labarinka.

Ashe ina da labari a wani wuri
da ban taɓa zuwa ba.
Ta buga sunana, ta buga ranar haihuwar
da wani likita ya ƙaga mani da kallon haƙora,
sai ga rayuwata ta fito layi layi.
Babur ɗin da na biya, yana nan.
Bashin ragon layya, yana nan, an goge.
Can ƙasa, wata uku a jere, da ja.

Na san watannin.
Shekarar da albashi ya yi nauyin ƙafa daga Yamai,
muka riƙa zuwa muna leƙa allo kamar masu duban wata.
Wanda ya tsaya mani shi ya makara,
ni aka rubuta.

Na ce, Indatu, tambayi injin
ko ya san Nomau mai kanti.
Littafinsa duk maiƙo, amma sunana a ciki
bai taɓa kwana biyu bayan an biya mu ba.
Tambaye shi adashin Tsahara,
mata goma sha ɗaya, shekara tara, ba zubi ɗaya da ya faɗi.
Tambaye shi buhun albasa arba'in
da ƙanena ya ɗauko daga Galmi a kan kalmata kawai,
babu takarda, babu tambari.

Ta ce, Mushe, ba ya jin waɗannan.
Abin da aka kawo mashi yake ƙirgawa.
Makinka ya gaza da kaɗan.
Kaɗan nawa?
Ta nuna da yatsu biyu, kamar mai ɗibar gishiri.

Na tuna wata jarrabawa, da zafin Afrilu,
yarinya tana kuka a bakin tebur kan rabin maki,
ni kuwa ina cewa lissafi ba ya da dangi.
Ba ta tuna mani ba.
Da ta tuna, da ya fi sauƙi.

Sai ta jawo farar takarda.
Ka nemo shaida daga baitulmali cewa jinkirin ba naka ba ne,
mu aika a gyara.
Kada ka ci sabon bashi, ko na waya.
Wata shida, ka dawo.
Ta ja layi a ƙarƙashin shida,
da irin jan layin da nake yi.

Na fito, rana ta take Tawa da ƙafa biyu.
Ban hau kabu-kabu ba, dala ma maki ce yanzu.
A ƙofar gida na dafa bango,
siminti da ɗumi kamar goshin yaro.
Tsahara ta leƙo: An dace?
Na ce, an ba ni aikin gida.