Mai Katanga

Gobe da hantsi kwamiti zai zauna,
mu bakwai, a ofis ɗin nan mai fanka mai kuka,
za mu ɗaga hannu kan Sahabi Kware,
ko a ba shi ƙungiya duka, ko a bar shi da 'yan bayansa.
Mabera ta yi shiru.
Daga ni sai tabarma, sai fitilar waya da littafin ƙidaya.

Littafi ba ya son kai.
Wasa ashirin da shida, ƙwallo goma sha ɗaya anka zura muna.
Kafin zuwansa ragarmu rariya ce,
Altine mai tsaron gida ya gaji da sunkuyo
har 'yan kallo sunka sa mishi suna Mai Tsintuwa.
Sahabi ya zo da igiya,
igiya ta gaske, irin ta ɗaurin raƙumi,
ya ɗaure 'yan baya huɗu a ƙugu,
ya ce in ɗaya ya matsa ku matsa,
in ɗaya ya faɗi duk kun faɗi.
Sati uku suna tuntuɓe da juna, mu muna dariya.
A na huɗu ya kwance igiyar.
Har yau ba ta kwance ba.

Amma mai gadin rumbu ba shi ne manomi ba.
Alhaji Modi ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba:
wanda ya biya kuɗin ƙofa
ya zauna kan siminti cikin ranar Sakkwato
ba don ya ga an hana ya zo ba.
Sau tara munka tashi ba ci.
Har mai sayar da gyaɗa na gani tana hamma.

Kuma mi zai yi da Lumu?
Yaron da ƙafarsa ta hagu ba ta jin magana,
ya zaunar da mutum uku ƙasa
sannan ya aika ƙwallo ga tattabaru.
Irin wannan in ka ɗaure shi ya mutu,
in ka sake shi ya kashe ka.

Ran Talata munka kira shi munka tambaya.
Na ce, in babba ya aiko da sunan ɗan ƙanensa a takarda fa?
Ya daɗe yana kallon takalminsa.
Ya ce, sai in gwada yaron.
Ban sani ba ko hikima ce,
ko tsoro ne ya sa babbar riga.

Maidamma ya ce, saura minti goma, an ci mu ɗaya,
katangarka ba ta da sauran amfani, sai yaya?
Nan ne ya ɗago kai.
Ya ce, shekara goma sha biyu ina toshe kafa,
wanda ya yi gini shi ya san tubalin da bai bushe ba,
ko a gidan wani.

Akwai abin da littafi bai rubuta ba.
Wata uku ba albashi,
mota ta mutu muna bayan Talata Mafara, dare ya raba.
Koci na wancan lokaci yana can gefe yana zagin waya.
Sahabi ya ƙidaya yara ɗaya ɗaya,
ya tada mai shayi daga barci,
ya jinginar da agogonsa,
sannan ya sa kafaɗa a bayan mota.
Ba wanda ya ce su tashi. Sun tashi.

Ga kiran assalatu daga masallacin ƙasan layi,
cajin waya ya kusa ƙarewa.
Hannuna na dama yana kan littafi, ya yi nauyi.
Zan ɗaga shi gobe, ina ji.
Sai dai kafin nan zan ja Sahabi gefe
in ce mishi ya bar igiyar a gida.