Kalma Dubu, Ba Ƙari

A ɗakin karatu na Hanley na ga takardar,
manne a allo, tsakanin cigiyar kyanwa
da tallar wani mai gyaran famfo:
gasar gajeren labari.
Jigo, karayar arziki.
Kalma dubu, ba ƙari. Kuɗin shiga fam takwas.

Na yi dariya har mai gadi ya ɗago kai.
Wai a zo a ba da labarin ruwa,
ga ni tsamo-tsamo a cikinsa.

Wata biyar ke nan da kashe murhun masana'antarmu.
Shekara tara ina naɗe kofunan tangaran a takarda,
kofin da ban taɓa kai shi baki ba.
Ran sallama manaja ya hau kan akwati
ya ce ba laifin kowa ba ne,
lissafi ne ya ƙi.

Fam takwas.
Wutar kwana uku ce a mita,
ko shinkafa da mai da kuɗin bas na Talata.
Tasalla ta dube ni ta saman tabarau:
"Barau, kuɗin ɗumama ɗaki za ka kai caca?"
Na ce ba caca ba ce, adabi ne.
Ta ce, "To adabin ya ɗora mana tukunya."
Da asuba na zura ƙafa a takalmi
na taka tsaba takwas, masu sanyi kamar ƙanƙara.

Na yi rubutu da riga uku a jikina.
Labarin da Hausa yake zuwa,
sai in tare shi a bakin ƙofa in sauya masa kaya.
Dare guda cur ina neman rufin asiri a Turanci,
na samo kalma shida,
babu wadda ta rufe komai.

Na ƙirga: dubu da ɗari huɗu da sha biyu.

Sai na zama manaja.
Na fara da sifofi, su ba su da ƙungiya.
Na kori ruwan sama daga layin farko,
na rufe shagon kifi da dankali na kan kwana,
na sallami karen Wojtek,
sannan Wojtek ɗin kansa.
Saura casa'in.

Casa'in ɗin nan Doreen ce.
Shekara talatin da ɗaya tana zagaye bakin faranti da ruwan zinare,
hannunta bai taɓa rawa ba
sai ranar da aka miƙa mata ambulan.
Ita ta koya mini cewa a garin nan
in an kira ka agwagwa, ƙauna ce.
Labarin zai tafi ba ita.
Na karanta sau biyu, wallahi zai tafi.
Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa
na ji bakina yana haɗa
ba laifin kowa ba ne.

Na tashi na sha ruwa.

Da na dawo, kaina na goge:
mutumin Gusau mai digiri a gindin akwati,
da dogon bayaninsa kan bankuna da farashi.
Casa'in da uku ya ci.
Har da canji.

Na aika saura minti sha ɗaya a rufe,
mita tana kukan yunwa a ƙarƙashin bene.
Sun ce sakamako sai Maris.
Na ɗaya fam ɗari biyar,
Tasalla ta riga ta kashe su sau biyu da baki,
ta kuma ce ba ta sa rai.

Jiya na ga Doreen a zauren coci
inda ake rabon kayan gwangwani.
An ba ta shayi, ta kifa ɗan farantin
tana neman tambarin gindinsa,
halin mutanen garin nan.
Ba namu ba ne. Ta ajiye.

Na ce, na sa ki a labari.
Ta ce, "Ina fata ka ba ni aiki a ciki, agwagwa."
Na ce kina nan kan kujerarki, buroshi a hannu,
murhu yana ci.
Ta gyaɗa kai, ta kurɓi shayinta.

Ban gaya mata abin da ke shafi na biyu ba.