Mai Ɗamara

Sahabi ya aiko hoton tsuntsu daga Kanada,
bai aiko nasa ba.
Kai ya fi ƙarfin jiki, tukku a hargitse
kamar yaron da aka tasa da asuba,
baki kuwa basilla.

Ya ce: Inna, wannan macen ce.
A wurinsu ita ke da ado,
jar ɗamara a ƙirji, launin tsatsa,
namijin ko oho, shuɗin gyale kawai.
Na yi dariya har man kaskona ya fantsamo min.

Nan Gamkalle ma muna da ɗan'uwanta,
mai baƙi da fari,
mai tsayawa cak bisa iska
kamar an rataye shi da zare,
sai ya saki kansa, tsundum,
ya fito da ƴar karfasa a gicciye.
Shekara talatin ina suya a bakin kogin nan
ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Sahabi ya ce tasu rami take haƙawa a gaɓa,
ita da miji, karɓa-karɓa,
zurfi ya fi tsawon mutum,
can cikin duhu take zuba ƙwai, ba ko shimfiɗa.
Kifi kuwa sai ta fyaɗa shi da reshe,
ta haɗiye ta wajen kai,
ƙaya da ɓawo ta amayar daga baya, a dunƙule.
Kukanta? Ya sa min a waya:
caki ne a hannun mai fushi.

In ƴaƴa suka yi fiffike
sai ta saki mataccen kifi bisa ruwa,
ta koma reshe tana kallo.
Wanda yunwa ta isa, ya faɗa.
Ni ma haka na yi, ashe,
ran da na sayar da awarwarona biyu
na raka shi filin jirgi.

Na ce, to in ruwan ya daskare fa?
Ya ce, sai ta yi kudu, Inna,
ta bi inda ruwa ke buɗe.

Na dubi kogi. Jiragen kabewa na sauke kaya,
fitilun gada sun fara kamawa,
hayaƙin Harobanda ya kwanta a ƙetare.
Namu bai taɓa daskarewa ba,
na so in faɗa masa.
Kuɗin waya ya ƙare.

Na juya kifin, gefe ɗaya ya ɗan ƙone.