Firam na Gwanjo

Fam tamanin da biyar, in ji mai shagon,
bayan ya auna zanen tsaye da kwance
kamar tela ya samu ango.
Na ce masa zan dawo.
Ni da shi mun san babu ranar.
Na mayar da zanen cikin leda,
na fita cikin yayyafin Bradford,
wanda ba ya jiƙa mutum sai ya shammace shi.

Abin da na tara bai kai a ce dukiya ba.
Akwai kogin da Rumaisa ta zana tana 'yar shida,
ruwan kore shar, kifin ya fi kwalekwalen girma.
Akwai tumaki a kan tudu, fam biyu,
daga bayan motar wani dattijo ranar Lahadi.
Akwai ƙofar gidanmu ta Funtuwa
da Kawu Ilu ya zana da gawayi a bayan kalanda
kafin idonsa ya tafi.
Da wasu biyu da ba sai na faɗa ba.
Shekara huɗu suna ƙarƙashin gado
a kwalin takalmi, suna shan sanyi.

Doreen ce, maƙwabciyata mai gurgun kare,
ta ce, "Tasalla, wa ke sayen sabo?
Hau bas ki je Shipley."

Shagon gwanjo, warin tsofaffin riguna.
Can ƙurya firam sun jingina da bango
kamar masu jiran ganin likita.
Wannan fam ɗaya, wancan ɗaya da rabi.
Ban kula da abin da ke cikinsu ba,
katakon nake ƙwanƙwasawa
yadda Inna ke zaɓen tukunya.
Biyar nake buƙata, na ɗauko shida,
don araha ba ta barin hannu ya zauna lafiya.

Daren Asabar na shimfiɗa jarida a teburi.
Bakin cokali ya ɗaga ƙananan ƙusoshi,
lemun tsami ya wanke gilashi.
Kwalin biskit na juya cikinsa waje,
na shafa masa ruwan shayi mai kauri
har ya yi launin bangon zaure,
na yanka da reza, hannu na rawa.
Gefe ɗaya ya karkace. Na bar shi haka.
Da hanau gara mannau.

A na biyar na tsaya cak.
Daga bayan hoton furanni wani hoto ya zamo:
mace da namiji a bakin teku,
iska ta kwashe mata gashi,
shi ya naɗe ƙafar wando, yana dariya da giɓi.
A baya, da fensir: Edna da Wilf, Filey.
Babu shekara.

Wa ya ɓoye su a nan?
Ɗakin wa aka kwashe cikin baƙaƙen leda
bayan an gama addu'a, an raba kujeru,
har suka zo hannuna a fam ɗaya da rabi?
Na riƙe su har shayina ya huce.
Rumaisa ta leƙo, ta ce a jefar,
ai ba danginmu ba ne.
Na tuna bayan kalandar Kawu babu suna.
Na ɗauki fensir na rubuta.

Mai gidan haya ya hana ƙusa a bango,
sai na jera su a kan kanta, jingine:
kogi, tumaki, ƙofar Funtuwa.
Firam na shida, ƙaramin, mai tsaga a kusurwa,
shi na ba Edna da Wilf.
Suna nan dab da ƙofar Kawu,
kamar yanzu za su yi sallama.

Duka-duka fam takwas, ban da kuɗin bas.

Da Doreen ta shigo, ta sa tabarau,
ta bi su ɗaya bayan ɗaya, karen na shinshina jarida.
Ta nuna na ƙarshen, ta ce, "Su wa ke nan?"
Na ce, "Baƙina ne."
Na tashi na ɗora ruwan zafi.